Ƙarfe Biyar, Agogon Katsina

An ce masa ya zo ƙarfe goma, ya kuma zo ƙarfe goma. Wannan ne abu na farko da Juwairiyya ta lura da shi game da Hashimu, tun kafin ta kalli fuskarsa. A Katsina, wanda aka ce wa goma ya zo goma, ko dai baƙo ne ko kuma bai fahimci maganar ba.

Ofishin na wata ƙaramar ƙungiya ce mai koya wa manoma noman rani, can wajen Ƙofar Kaura. Juwairiyya ce sakatariya. Tun watan Afrilu take riƙe da kalandar ofis a kwamfuta, tana tura wa mutane gayyata ta imel, suna amsawa, ba sa zuwa. Hashimu kuwa kimiyyar ƙasar noma ya karanta, ya zo ne shugaban ƙungiyar ya sa masa hannu a takardun tafiya ƙarin karatu Ingila.

"Sannu da aiki, Malama. Ina kwana? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Oga bai iso ba."

"Amma gayyatar da kika turo ta ce goma."

"Gayyatar ce ta ce. Oga bai ce ba."

Ya zauna. Kafin oga ya iso, Hashimu ya gama yi mata bayanin bambancin jigawa da laka, ita kuma ta gama buga wasiƙu huɗu. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa.

"Idan ni ma na turo tawa gayyatar fa, za a amsa?"

"Maɓallai uku ne a jikinta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Eh, a'a, wataƙila. Ɗaya dai za ka samu."

Da yamma gayyatar ta shigo wayarta: "Gaisuwa a zauren Malam Isiyaku, Ƙofar Sauri, idan an ba da izini. Asabar, bayan la'asar."

Ta danna wataƙila.

Ba jan aji ba ne. Shekara biyu da suka wuce akwai wani Ɗayyabu da aka sa wa ranar turo manyansa. An yi waina, an shimfiɗa dardumai, 'yan'uwan mahaifinta suka zauna a zaure tun la'asar. Har aka kira isha'i ba wanda ya yi sallama. Washegari saƙo ya shigo: "Wani abu ne ya taso." Abin da ya taso ɗin, daga baya aka ji tana zaune a Kaduna.

Juwairiyya ba ta yi kuka ba. Mata sun yaba mata, suka ce yarinyar akwai tawakkali. Gaskiyar ita ce tun ranar ta daina jin komai sosai. Tana ci, tana salla, tana zuwa aiki, tana dariya a inda ya kamata. Sauran abubuwa suna wucewa ta gabanta kamar motocin da ba hanyarsu za ta bi ba.

Hashimu ya zo Asabar ɗin. Ya zo ta gaba. Kowane zuwa sai ya fara turo gayyata, kowace gayyata sai ta danna wataƙila, shi kuma sai ya bayyana a kan lokaci da ledar dabino.

"Hajiya Wataƙila," ya ce mata wata rana, "ba kya tausayin sauran maɓallan nan? Suna zaune ba aikin yi."

"Ka fi son in danna na tsakiyar?"

"A'a, a'a, a bar shi ya huta."

Ta ɗan murmusa. Ta lura da murmushin kamar yadda take lura da shigowar imel: ya zo, ta gani, ta ajiye.

Mahaifinta, Malam Isiyaku, tsohon shugaban makarantar sakandare ne. Rabin ma'aikatan gwamnatin garin sun taɓa durƙuso a gaban ƙofar da ya rufe musu don sun makara. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa Juwairiyya, don haka Uwata yake kiran ta. Da aka kai masa maganar Hashimu, bai ɗaga murya ba.

"Yaro zai tahi Ingila, yana son ya bar magana a rataye. Na ga irin wannan. Ya tahi tukuna. In ya yi wata guda can bai manta ba, ni da kaina zan yi magana da shi kahin a ɗauko mini manya. Na ga abin da jiran manya ya yi. Kuma lokaci ɗaya nike ba mutum, Uwata. Ba ni maimaita aji."

A watan Satumba Hashimu ya tafi. Saƙonsa na farko daga Leeds ya same ta a cikin Keke Napep.

"Hajiya Wataƙila, na sauka lafiya. Sanyi kamar an manta ni cikin firij. Amma ga albishir: agogonmu ɗaya. Huɗu a nan, huɗu a Katsina. Kin ga ke nan ban yi nisa ba."

"Allah ya ba da sa'a."

"Shi ke nan, Juwaira?"

Ta ƙara masa layi ɗaya.

"Ka sayi rigar sanyi mai hula."

Ya ce saƙon nan ya fi masa duk wata kalmar soyayya. Mutum a ƙasar waje, abu kaɗan ke isar sa.

A lokacin ne wani Siddiq ya fara zuwa neman aurenta. Shagon kayan sola gare shi, kuma ya ji labarin halin Malam Isiyaku, sai ya ɗauki abin da zafi: in an ce masa biyar, huɗu yake zuwa. Ya zauna a zaure yana yi wa duk wanda ya gifta bayanin batir. Malam ya ce yaron yana da himma. Juwairiyya ta ce haka ne. Ba ta ƙi shi ba, ba ta so shi ba. Tana zama gabansa kamar mai jiran layi a banki.

Tsakiyar Oktoba Malam ya ba da lokacin: Lahadin ƙarshe ta watan, ƙarfe biyar na yamma, ta kiran bidiyo. Juwairiyya ta faɗa wa Hashimu a waya.

"Biyar," ya maimaita. "Yanzu zan saka a kalanda. Wannan karon ki taimaka, ranki ya daɗe, ki danna ɗayan."

Gayyatar ta shigo tana cikin rubutu a ofis. Ta ga taken gayyatar ya leƙo a saman waya: "Ganawa da Baba." Ba ta buɗe ba. Yatsanta ya riga ya san hanya.

Ranar Lahadi Malam Isiyaku ya dawo daga la'asar, ya sake wanka, ya sa farar shadda. Ya ce a jingina laftof a kan teburin falo, a duba caji, a duba data. Biyar saura kwata yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Juwairiyya na gefe a kan darduma. Mahaifiyarta, Hajiya Sa'adiya, tana ta wucewa ta bakin ƙofa da tsintsiya, tana share wurin da ta riga ta share.

Biyar ta yi. Ba abin da ya bayyana a allon sai fuskar Malam, tana kallon Malam.

"Ko a ɗan taɓa lambar tasa?" in ji Hajiya daga bakin ƙofa.

"Wa ke nema? Mu ko shi?"

Hajiya ta koma sharar ta.

Juwairiyya ta saurari cikinta ko za ta ji wani abu. Ba ta ji ba. Akwai agogon bango, akwai fanka, akwai mai tallar gyaɗa a waje. Abin da ya zo mata kawai shi ne wannan karon ba a yi waina ba, don haka ba abin da za a rabar wa maƙwabta.

Dab da shida ladan ya fara gwada lasifika. Malam ya miƙe, ya rufe laftof ɗin da yatsa biyu.

"To. An tashi."

Ya ɗauki buta. Ita kuma ta kashe wayarta, ta jefa cikin durowa.

Da safe ta tafi aiki da wayar a kashe cikin jaka. Tabitha, akantar ofishin, wadda gidansu ke layi ɗaya da nasu tun suna yara, ta leƙo tana cin ƙosai.

"Juwai, ki gaya wa oga taronmu da mutanen Landan ya koma sha ɗaya fa. Sun juya agogonsu."

"Sun juya me?"

"Agogo. Duk shekara haka suke, ƙarshen Oktoba su mayar da shi baya da awa guda, Maris su dawo da shi. Au, ke ba ki nan bara. Kalanda na gyara kanta, mutane ne ba sa gyaruwa."

"Yaushe suka juya?"

"Jiya mana, kafin gari ya waye. Lafiya kike kallo na haka?"

Juwairiyya ta buɗe kalandar a kwamfuta, ta koma jiya, ta danna "Ganawa da Baba." Karo na farko ke nan da ta ga cikinta. An rubuta ƙarfe shida na yamma. A ƙasa, da ƙananan haruffa, an nuna cewa wanda ya tsara ta ya sa biyar ne a agogon Landan. Shidan nan tana wurin tun ranar da aka turo. Mako biyu tana yawo da ita a jaka.

Ta kunna wayar. Saƙonni suka yi ta faɗowa, na farkonsu shida daidai na jiya.

"Ga ni. Na sa babbar riga a ɗakin da bai kai faɗin rigar ba."

"Juwaira, biyar ta gota. Ko netwok ne?"

"Wayarki a kashe. Lafiya dai?"

"Idan an fasa ne, ki faɗa mini da bakinki. Zan ji ciwo, amma a'a ta fi mini sauƙi a kan wataƙila."

Na ƙarshe na safiyar nan ne.

"Na gano. Sun mayar da agogo baya ina barci, wayata da kwamfutata suka bi su, ba wanda ya yi shawara da ni. Na zauna jiran biyar ɗin da ta riga ta wuce a Katsina. Na sa dattijo ya zauna jira na. Ban san da wace fuska zan nemi gafara ba."

Ta karanta su sau biyu. Sai ta ji wani abu yana sukar ta a ƙirji, irin na ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, jini ya fara komawa. Ba daɗi. Ta shiga banɗakin ofis, ta buɗe famfo, ta tsaya har ya wuce. Bai wuce duka ba.

Da yamma ta sami mahaifinta a ƙofar gida kan benci, ta durƙusa, ta yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, kamar yadda ya saba sauraron makararru.

"Na ji ruwa ya hana, na ji keke ya yi faci. Akwai yaron da kakarsa ta rasu sau uku a zango ɗaya. Amma wanda ya ɗora wa ƙasa guda laihin makara, yau na hwara ji. Mi ya kai gwamnati taɓa agogo?"

Suna cikin haka Malam Jonathan ya ƙaraso da kujerarsa ta roba. Shi ne mahaifin Tabitha, tsohon malamin lissafi, mutumin Zonkwa, ya yi aiki ƙarƙashin Malam har suka yi ritaya, kuma kullum da yamma yana zuwa su yi musu.

"Malam, wannan ai ko masu gidan kallon ƙwallo sun sani. Wasan da ake yi ƙarfe uku, daga wannan makon ƙarfe huɗu ne. Kowace shekara haka."

"Ni ba ni kallon ƙwallo."

"Shi ya sa. Shekara nawa ina ce maka akwai ilmi a ciki?"

"Ilmin da ya sa hawan jininka ya ƙi sauka?"

"Wannan ba ƙwallo ba ce, masu tsaron bayanmu ne."

Malam bai yi dariya ba, amma ya gyara zama. "To, an wanke shi daga ƙarya. Ba a wanke shi daga sakaci ba. Mai nema a gida, agogon gidan ya kamata ya sani."

Bayan magariba ya aika a kira ta falo.

"Uwata, jiya awa guda na zauna. Kin zaci agogo nike kallo? Ke nike kallo. Ban ga komi a huskarki ba. Sai na ce, yaron da rashin zuwansa bai taɓa ki ba, mi zai sa in sake sa shadda saboda shi? Ga Siddiq nan, ko ba komi yana zuwa."

Ta sunkuyar da kai tana jan zaren darduma.

"Baba, gayyatar da ya turo shida ta nuna a wayata, tun farko. Ni ce ban buɗe ba."

"Kika amsa ba ki karanta ba?"

"Eh."

"'Yata ta cikina." Ya girgiza kai. "Don mi?"

"Na ɗauka in ban duba ba, ba zan sa rai ba."

Daga tsakar gida sharar Hajiya ta tsaya.

"Baba, a sake ba shi lokaci."

"Shi ya aiko ki?"

"A'a."

"To wa ke nema?"

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, kamar wadda aka daɗe ba a yi aiki da ita ba.

"Ni ce."

Malam Isiyaku ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. A duk shekarun aikinsa bai taɓa buɗe ƙofar da ya rufe ba, kuma ya so a san da haka.

"Shi ban ƙara mashi ba. Ke na ba. Wannan ne lokacinki na hwarko."

Wannan karon ita ta tsara gayyatar. Ta nemo gurbin da ake zaɓar agogon da za a bi, wanda Hashimu bai taɓa sanin yana wurin ba, ta zaɓi na Afirka ta Yamma. Duk da haka ba ta yarda da na'ura ba, sai ta rubuta a ciki da hannunta:

"Lahadi. Biyar a Katsina, huɗu a Leeds. Ka buɗe ka karanta. Ni ma na daina amsa abin da ban karanta ba."

Kafin ta ɗauke yatsa amsarsa ta dawo: eh. Saƙo ya biyo baya.

"Na sayi agogon hannu, na saita shi a na Katsina. Ba wata gwamnati da za ta taɓa shi ina barci. Juwairata, kin yafe mini?"

"Ka sayi rigar sanyin?"

"Na saya."

"To na yafe."

Ranar Lahadi, da aka buɗe laftof, Hashimu na nan zaune cikin babbar riga, da alamar ya daɗe. Malam ya shigo biyar daidai. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo: gida, karatu, sanyi, mutanen wurin, haƙuri da baƙunta.

"Ƙarhe nawa yanzu a wurinku?"

"Huɗu, Baba."

"A nan hwa?"

"Biyar."

"Wanne ne daidai?"

Hashimu ya yi digiri biyu a kimiyya, ya san amsar da littafi zai bayar.

"Naku, Baba."

"Ka turo manyanka."

Manyan sun zo bayan mako uku. An gargaɗe su sosai, har suka iso ana kiran azahar maimakon bayan la'asar, Hajiya ba ta ko zuba waina a tanda ba.

An ɗaura auren a hutun Disamba, a masallacin unguwa. Katin ya ce ƙarfe sha ɗaya, a ƙasa Malam ya sa an ƙara: agogon Katsina. Jama'a suka ɗauki wannan a matsayin izini, suka fara taruwa wajen sha biyu. A kan lokaci mutum huɗu ne kawai a wurin: Malam, ango, Malam Jonathan a kujerarsa ta roba ƙarƙashin dalbejiya, da Siddiq, wanda ya riga kowa, ya kuma sami abokan ciniki biyu kafin a shafa fatiha.

Juwairiyya na cikin gida, mata sun cika ɗaki, lalle ya yi baƙi a hannunta. Guɗa ta tashi daga tsakar gida, ta san an ɗaura. Tabitha ta miƙo mata waya.

"Amarya, mijinki ya turo aiki."

Gayyata ce. Ta buɗe, ta karanta tun daga sama. "Zama tare. Farawa: yau. Maimaitawa: kullum. Ranar ƙarewa: ba a saka ba." Ta gangara ƙasa ta duba agogon da aka bi. Na gida ne.

Ta danna eh.

Sai ga hawaye, waɗanda suka makara da shekara biyu. Tsofaffi suka ce ai haka amarya take, kukan rabuwa da gida ne. Ba ta gyara musu ba.

A waje Malam Isiyaku ya riƙe hannun surukinsa, ya juya shi ya dubi agogon da ke ɗaure, ya gwada da nasa. Sun yi daidai.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya ba ku zaman lahiya da zuriyya ta gari. Ya sa duk wanda ya riga isowa a cikinku ya iya jiran ɗan'uwansa."

Jama'a suka amsa da amin, har da waɗanda yanzu suke cire takalmi.